Ranar da Guntuwa Ta Ƙi Magana

Bana yaran gidan nan suka matsa mini sai an kware rufin ɗakina an sa kwano. Aka sauko da tarkacen da ke maƙale a azara, har da guntuwa, tsohuwar bindigata. Na same su a tsakar gida sun kewaye ta, wannan ya ɗaga, wancan ya leƙa bakinta, ƙaramin cikinsu yana tambaya wai ta ina ake sa mata harsashi. Na ce masa ta baki, yadda kai ma aka ɗura maka koko kana jinjiri. Suka yi ta dariya, suna tsammani wasa nake yi. Na karɓe ta don in nuna musu, sai na iske hannuna bai manta komai ba. Ƙarfen ya ci tsatsa, gara ta taɓa ƙotar, ƙanƙarar ma, dutsen da ke ƙyasta wuta, ta faɗi ban san yaushe ba. Ba za ta sake magana ba, kuma ba wanda ya yi asara, don garin nan yanzu ba ya rasa ƙara. Babura kaɗai sun ishi kunne. Amma tun ranar nake kwana nake tashi da warin albarushi a hanci, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun bakina yana iya faɗa.

Ta kawuna ce, Mantau, yayan uwata, mahalbi a wani ƙauye bayan Tsibiri. Shi ma gadonta ya yi, kuma bai san wanda ya fara riƙe ta ba. Sauran bindigogin da na sani a lokacin dogaye ne, in mutum ya kafa gindin a ƙasa bakin yana kai masa haɓa. Ita kuwa da ƙyar ta wuce ƙugu, shi ya sa ake ce mata guntuwa. Wasu sun ce haka aka ƙera ta, wasu sun ce bakinta ne ya taɓa tsagewa wani maƙeri ya yanke. Kawu bai damu da wannan gardama ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ku tambaye ta mana, ai tana da baki." Mutanen gidansu Azna ne, ba su salla, suna da wurinsu a gindin tsamiya, suna zuba abin da suke zubawa, ba su shiga harkar kowa. Uwata ce ta fita daban da ta auri ubana, baduku a tsohon garin Maradi, can cikin kwari, tun ruwa bai kore mu zuwa tudu ba. An so in gaji allura da fata, ni kuwa zaman wuri ɗaya bai karɓe ni ba. Da na zama saurayi, ana gama kai amfanin gona gida sai in kama hanyar Tsibiri, ba a ganina sai an fara sharar gona. Ubana ya yi faɗa har ya gaji, daga baya ya ce in dai ina salla a can, to, Allah ya kiyaye.

Zamanin Nasara ne, ba kai tsaye ake riƙe bindiga ba. Sai an kai ta bariki kumandan ya gani, a ƙona mata lamba a ƙota, sannan a bar ka da ita. Ga lambar nan har yau, yaran sun ɗauka ado ne. Albarushin kanti kuwa, mai ƙwayoyin nan baƙi wul, sai mai hanya, kuma gardi, ɗan sandan Nasara, na iya tare ka a bakin kasuwa ya ce buɗe jaka. Saboda haka kawu nasa yake yi. Ba zan ce ga yadda ake haɗawa ba, don bai taɓa bari na tsaya a kai ba. Abin da na sani shi ne gawayin tumfafiya da nake ƙona masa, da dakan da ake yi a wani turmi da ba a daka hatsi a cikinsa, da shanya a kan fata can nesa da murhu. Albarushin gida yana da hayaƙi, yana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma yana shan sanyi. In damina ta yi nisa sai ka ga kawu kullum yana fitar da ƙahon albarushinsa rana yana mayarwa, kamar mai jinyar tsoho.

Ɗuri aiki ne na natsuwa. Yaran yanzu komai sai dai a danna, in bai yi ba a ce ya lalace a jefar. Mu kuwa sai ka kafa gindinta a ƙasa tsakanin ƙafafu, ka karkata bakin nesa da fuskarka. Ka duba 'yar hudar da ke gefe, wadda wuta ke bi ta shiga. In ta toshe ka sa ƙayar aduwa ka tsokale. Sannan ka zuba albarushi daga ƙaho zuwa tafin hannu, daga tafin hannu zuwa bindiga. Ba a zubawa daga ƙaho kai tsaye, don in akwai sauran wuta a ciki, ƙahon ne zai tashi da hannunka. Ka tura tsumma, ka bi shi da sandar ɗuri. Wannan sautin nake so: da fari sandar tana cewa lub, lub, in ɗuri ya zauna sai muryar ta sake, ta koma ƙwal, sandar ta yi ɗan tsalle da kanta. Abin da ya rage nata a waje shi ake aunawa da yatsu a san nauyin ɗurin. In farauta ce a zuba gutsattsarin ƙarfe ko dalma a sake toshewa. In biki ne tsumma kaɗai ake ƙarawa, a danne sosai don ƙara ta fita. Kada wani ya ce maka ɗurin biki ba ya kisa. A kusa, tsumman nan da wutar da ke bayansa sun isa su cire wa mutum fuska. Daga ƙarshe a ɗana kunama, a zuba ɗan albarushi mai laushi a ɗan kaskon da ke gefe, a rufe, a shafa ƙanƙara da babban yatsa a ji ko tana da kaifi.

In ka ja, ba ƙara ɗaya kake ji ba. Ƙanƙara ta ce ƙyas, kasko ya ce fuu, sannan cikin ya amsa, dum, kafaɗarka ta sha naushi, hayaƙi ya rufe ka har sai iska ta ga dama. Tsakanin fuu da dum yawanci ƙiftawar ido ce. Amma wani lokaci sai ta yi fuu ta yi shiru. Mahalba suna ce wa wannan nauyin baki, kuma a kansa kawu ya fi yi mini tsawa.

"In ta yi fuu ta yi shiru, kak ka yarda da ita," in ji shi. "Wuta na iya zama ciki tana tahiya sannu. Bakinta sama, ƙafarka inda take. Kak ka leƙa, kak ka sauke, kak ka juya. Ko uwarka ta kira ka, ba ka ji ba."

Na ce, "Har yaushe, kawu?"

Ya ce, "Har ka gaji, sannan ka ƙara."

Wata rana ya kai ni gaida wani abokinsa. Muka same shi zaune a inuwa yana shan kunu da ludayi ta gefen baki, rabin muƙamuƙinsa babu. Aka gaisa, aka yi zancen ruwa da na gero. Sai da muka fito kawu ya ce, "Leƙawa ya yi." Ya ci gaba da tafiya.

Da kafaɗar kawu ta fara ciwo sai ya bar mini guntuwa, na dawo da ita Maradi. Farauta ba ta dame ni ba, ɗurin biki na fi yi. A lokacin bindiga ita ce muryar gari. Ba rediyo, ba waya, ba lasifikar nan da ke hana tsoho barcin rana. In ka ji dum da hantsi ka san an raɗa suna a wani gida, in ka ji da magariba a ƙarshen azumi mata su kama guɗa, an ga wata. Gari ya yi shiru har ana jin luguden mata daga wata unguwa, to ka ga in bindiga ta yi magana kowa ya ji. Yara su biyo ni, ana halbawa su ruga su tsinci tsumman da ke hayaƙi suna shinshina. Ni kuwa ina tafe ina buɗa hannu, ina jin ba kamar ni. Ƙuruciya ke nan, ba ta da magani sai shekaru.

A cikin wannan buɗa hannu na ga Tsahara. 'Yar Jiratawa ce, tana kawo albasa da ganyen taba kasuwar Maradi tare da gwaggonta. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, amma in ta yi magana sai ka kwana kana juya ta. Ranar farko da na tsaya gabanta da bindiga a kafaɗa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Albasa za ka saya, ko halbinta za ka yi?" Na saya, alhali ba wanda ya aike ni. Na so ta ƙwarai, ita ma ta so ni, ba a ɓoye ba. Manya suka shiga, aka kai goro, aka yi baiko, aka ce biki sai bayan kaka.

Ubanta, Malam Barmo, manomi ne mai gona babba a kwarin gulbi, ya taɓa karatu, kuma mutum ne mai son a ba shi girmansa cif. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Da aka je tambaya ya ce wa ƙanen ubana, "Ubansa na sani, mutumin kirki ne. Amma yaron rabin tashinsa wajen Azna ya yi. Ban ƙi ba, zan dai duba ladabinsa." Maganar ta zo kunnena, na riƙe. Ladabin suruki a lokacin ba abin wasa ba ne. In ka hango shi a hanya ka ratse cikin gero, ko ƙaya ce ka shiga. In ba wurin ratsewa ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, in yana tsaye kana ƙasa har ya wuce. Ba ka faɗin sunansa, ba ka ci a gabansa, ba ka ɗaga murya inda zai ji. Yanzu ina ganin yaro zaune kan kujera ƙafa ɗaya bisa ɗaya, surukinsa ya shigo, ya ɗaga masa gira. To, zamaninsu ne. Ni dai na sha ƙaya a ƙafa saboda Malam Barmo, kuma ban ji zafinta ba.

Da noma ya kankama sai aka ce lokacin gayyar suruki ya yi. Al'ada ce, mai neman aure ya tara abokansa su je su nome gonar uban yarinya rana guda, da makaɗa, da fura, a ga ƙarfinsa da yawan jama'arsa. Na tara samari daga Maradi, wasu 'yan uwan uwata suka zo daga Tsibiri da hauyoyinsu. Kwanakin nan ruwa bai ɗauke ba, ko'ina laima, tabarma ma in ka taɓa sai ka ji ta yi sanyi. Muka tashi da sassafe, muka iske gulbi ya kawo, muka tsallaka ruwa iya ƙirji, guntuwa da ƙahon albarushi a bisa kaina. Da muka isa gona na koma gefe na yi ɗuri. Albarushin ya ɗan yi sanyi a tafin hannu, amma na damina duk haka yake, kuma na sha halbawa da wanda ya fi shi. Na ƙara tsumma na danne da ƙarfi, don ina so a ji ta har cikin gari, har ɗakin da Tsahara take dama fura.

Tsarin shi ne, in samari sun jera a bakin kunya, makaɗa su ɗaga kiɗa, a halba bindiga, sannan hauya ta sauka. Mai gona kuma a daidai nan yake fitowa ya sa albarka. Samari suka jera. Yara suka taru kusa da ni suna toshe kunne. Gangar noma ta ɗauka, maroƙi yana ta kirarina da na kakannin da ban san ina da su ba. Na tsaya a kan tudun iyakar gona, na kafa ƙafa, na ɗaga bakinta sama, na ja. Ƙyas. Fuu. Hayaƙin kasko ya bugi idona. Sai shiru.

Na tsaya yadda aka koya mini. Makaɗa ba su lura ba, suna ta yi. Can sai na ji kiɗan ya sauka, na ji murya daga bayana ta hagu tana cewa, "Sannunku da aiki, samari. Sannunku da zuwa." Malam Barmo ne, da farar riga, da ƙwaryar goro a hannu. Ta wutsiyar ido na ga abin da ya faru: gonar nan kaf ta durƙusa. Abokaina, da 'yan Tsibiri, da makaɗa, har maroƙi, kowa ya yi ƙasa. Ni kaɗai na rage a tsaye a kan tudu, da takalmi a ƙafa, na ba shi baya.

Ya matso. Ina jin tafiyarsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ce, "Sannu, yaro." Gwiwata da kanta ta so lanƙwashewa, wallahi sai da na danne ta. Da doguwar bindiga ce, ko na durƙusa bakinta yana bisa kan kowa. Guntuwa kuwa, in na yi ƙasa da ita, bakin zai sauko daidai fuskar mai tsayuwa, ga shi ya iso har ina jin ƙanshin turarensa, ga yara sun fara matsowa su ga abin da ya hana ta tashi. Ya zagayo ta gabana, ya miƙo hannu kamar zai taɓa bakin bindigar ya kawar, don ya ga fuskata. Ban san lokacin da murya ta fita daga bakina ba.

"Ja da baya! Kak ka taɓa! Ja da baya na ce!"

Ban ce baba ba, ban ce ku ba. Yadda ake kora akuya daga shanya, haka na yi wa Malam Barmo tsawa a gonarsa, a gaban mutanen garinsa. Ya tsaya cak. Ya ja da baya kuwa, a hankali, yana dubana. Ɗaya daga cikin 'yan Tsibiri ya gane abin da ke nan, ya tashi ya janye yara. Aka buɗe mini fili, kowa ya zuba ido, ana jira.

Na jira. Gumi yana shiga idona, ban share ba. A zuciyata ba abin da nake roƙo sai ta tashi. Da ta yi dum a lokacin, da kowa ya ce Allah ya kiyaye, da Malam Barmo ya koma gida yana ba da labarin yadda surukinsa ya tsare masa rai. Na gaji, na ƙara, na sake ƙarawa. Kurciya tana kuka a kan gawo. Wani yaro ya yi dariya aka doke bakinsa. Guntuwa ba ta ce uffan ba. Malam Barmo ya ajiye ƙwaryar goron a ƙasa, ba a hannun kowa ba, ya juya ya nufi gari. Muka nome gonar tas, ba kiɗa, don aiki ba a barinsa rabi. Fura ta zo, amma ba Tsahara ta kawo ba.

Washegari na kai bindigar Tsibiri da ɗurinta. Kawu ya zuba mata ruwa ta baki, ya sa ƙugiya ya jawo tsumman, ya kife ta ya bubbuga. Ruwan bai ma kai can ciki ba, amma abin da ya fito dunƙule yake, ya kame kamar tsohon tuwo. Ya murza, ya shinshina.

"Wanga ko cikin murhu ka jefa shi sai ya yi shawara," in ji shi. "Laima ta kashe shi tun kan hanya. Ba wuta ciki."

Na ce, "Ke nan da na durƙusa ba abin da zai faru?"

"Ba abin da zai faru. Amma ba ka sani ba, ni ma da nake nan ban sani ba sai da na buɗe. Daidai ka yi. Gobe in ta sake, haka za ka sake."

Aka shirya zuwa ba da haƙuri. Ƙanen ubana ya ce shi da limamin unguwarmu sun isa, amma kawu ya ce bindigarsa ce, koyarwarsa ce, sai ya je. Ya sa rigarsa ta kirki, ya ƙulle dunƙulen albarushin nan a ganye. Ni aka bar ni a ƙofar gida, a durƙushe, inda nake jin abin da ake faɗa a zaure. Liman ya yi magana mai daɗi, ƙanen ubana ya yi tasa, har na ji muryar Malam Barmo ta fara laushi. Yana cewa, "To, in dai da gaske wuta na ciki, rai ai ya fi gaban komai." Nan ya kamata a yi fatiha a tashi. Sai kawu ya gyara murya. Shi a wajensu mahalba, in bindiga ta ƙi tashi abin kunya ne ga mai ɗuri, sai an nuna dalili. So yake ya wanke ni, a san ba rashin iya ɗuri ba ne. Ya kwance ganyen ya tura gaban Malam Barmo.

"Duba nan, Malam. Ba laihin yaro ba ne, ɗurinsa daidai yake. Albarushin ne ya mutu. Ko ƙyas babu ciki."

 Na ji ƙanen ubana ya yi ajiyar zuciya. Can Malam Barmo ya ce, a hankali, "Ashe ba wuta. Ashe a kan wannan taɓon aka yi mini tsawa gaban yaran da na haifi iyayensu." Kawu ya fara bayani, cewa ba mai iya sani daga waje, cewa ga abokinsa can ba muƙamuƙi. Malam Barmo ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Na ji. Na yarda haka ake yi a wajenku. Shi ya sa tun farko na ce zan duba." Ya yi musu godiya, ya rako su har ƙofa. Ya wuce ta gabana ina durƙushe bai dubi inda nake ba. A hanya kawu yana ta tambaya, "Mi na faɗi da ba gaskiya ba?" Duk abin da ya faɗi kuwa gaskiya ne. Kafin gero ya fid da kai aka dawo mana da kayan baiko, ba abin da ya ɓata a ciki.

Na ga Tsahara sau ɗaya bayan nan, a kasuwa. Gwaggonta ta yi kamar tana neman wani abu a rumfar gaba. Na tsaya gabanta. Ita ta fara.

"Ina bayan gawo da ƙwaryar fura ranan nan, ban ƙarasa ba," in ji ta. "Na ga inda hannunsa ya nufa. Na ga inda bakin bindigar yake."

Na ce, "To ki faɗa masa."

"Na faɗa. Ya ce da ta tashi da ya gode maka." Ta gyara tulin albasarta, ba ta dube ni ba. "Ba zan bar gidan ubana da fushinsa a kaina ba. Kai ma ba za ka so irin wannan matar ba." Na so in ce ina so, ko wace iri ce. Ban faɗa ba, don na san ba ƙarya take yi ba. Na ji zafi ƙwarai, na yi kwanaki abinci ba ya mini daɗi.

Da rani aka sa bikinta da wani ɗan garinsu, manomi, mutumin kirki, ita ta amsa da bakinta. Sai ga ɗan aike daga Jiratawa wai ana son bindiga ranar ɗaukar amarya. Mai bindigar garinsu gardi ya karɓe tasa saboda ba lamba, tawa ce mafi kusa. Uwata ta ce kada in je. Amma mai bindiga ba ya ƙin kira, ko gidan wa ne. In ka fara zaɓen gida, ka daina zama mai bindigar gari. Na shanya albarushi, na sa sabuwar ƙanƙara, na tsallaka gulbi, wannan karon yashi ne zalla. Na yi ɗuri a ƙofar gidansu, sanda ta ce ƙwal. Da aka fito da ita a lulluɓe mata suka ɗauki guɗa, na ɗaga, na ja. Ƙyas, fuu, dum, ba ko jinkiri. Tantabaru suka tashi daga kan rumbuna, yara suka ruga neman tsumma, wata tsohuwa ta ce kai, wannan har Maradi an ji.

Hayaƙi yana washewa na ga Malam Barmo ya nufo ni. Yanzu ba komai cikin bindiga. Na kwantar da ita a ƙasa, na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai. Ya tsaya a kaina.

"A'a, tashi, samari," in ji shi, da murya mai daɗi. "Tashi, sa takalminka. Ai ba wannan tsakaninmu yanzu."

Ya kira sunana, ya miƙo mini hannu yadda ake miƙa wa kowane baƙo. Na tashi na karɓa. Ya ce an gode, aiki ya yi kyau, in shiga daga ciki in ci tuwo tare da shi.